Kwano, Alminiyom, Dekin ko Soro: Wane Rufi Ne Zai Raba Ka da Zafin Bazara?

Gini ya kai linta, kuɗin da ya rage a hannu ƙidayayye ne. Kafinta na cewa a buga kwano a huta, birkila na cewa a daure a zuba dekin, dattijon gida kuma na cewa har yau ba a yi rufin da ya kai na soro sanyi ba. Kowannensu da gaskiyarsa. Sai dai mafi yawanmu a kan kuɗi da kyan gani muke yanke shawara, alhali rufin nan shi ne zai yanke hukuncin ko a ɗaki za a kwana a watan Afrilu ko a tsakar gida. A Sakkwato, Maraɗi, Damagaram da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan magana ce ta lafiyar jarirai da tsofaffi da masu ciwon hawan jini, ba ta jin daɗi kaɗai ba.

Kafin a auna rufi, sai an san ta ina zafin yake shigowa.

Hanyoyin zafi, da ma'aunan da za mu bi

Rana ba iska take fara ɗumamawa ba. Haskenta ratsa iska yake yi, ya sauka a kan ƙasa da duwatsu da kwalta da rufin gidaje. Su ne suke ɗaukar zafin, su ɗumama iskar da ke taɓa su, iskar ta yi sauƙi ta tashi sama, wadda ta fi ta sanyi ta sauko ta maye gurbinta. Wato daga ƙasa sararin sama yake samun ɗuminsa. Shi ya sa duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6.5, kuma shi ya sa Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ta fi Kano sanyi. Shi ne kuma dalilin da zafi bai fi tsanani da tsakar rana ba, sai tsakanin azahar da la'asar, bayan ƙasa ta gama sha ta fara fitarwa.

Da dare abin juyawa yake. Ƙasa na mayar da zafinta sama ta hanyar hucin da ido ba ya gani, irin wanda fuska ke ji a gaban murhu. Tururin ruwa da gajimare kan tare wani ɓangare su maido shi. A hunturu iskar da ke zuwa daga Sahara busasshiya ce, babu abin tarewa, sai zafin ya tsere, asuba ta yi sanyi. A ƙarshen bazara kuwa, lokacin da iskar kudu ta fara kawo laima amma ruwa bai sauka ba, zafin ba ya samun hanyar fita, sai a kwana ana gumi.

Abin da ke faruwa da doron ƙasa shi ke faruwa da rufinka. Huci ya sauka a kansa, zafi ya bi jikinsa ya ratsa, iskar da ke ƙarƙashinsa ta ɗumama ta nemi hanyar tashi. Da tsakar rana idan sama ta yi garau, kowane murabba'in mita ɗaya na rufi yana karɓar kusan wat 1,000. Ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 ya kai murabba'in mita 13, wato wat 13,000, kamar a jera dutsen guga na lantarki goma sha uku a kunne a saman kanka. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, abin da take iya kwashewa bai wuce kusan wat 3,500 ba. Ba duka zafin ne ke shiga ɗaki ba, kuma bambancin rufi da rufi shi ne nawa ne ke shiga, da kuma yaushe.

Saboda haka tambayoyi huɗu ne a kan zafi. Nawa rufin ke mayarwa sama tun bai sha ba? Wannan aikin launi ne. Da wane sauri zafi ke ratsa shi? Nawa yake ajiyewa a jikinsa, kuma da wane lokaci yake saki? Iskar da ta ɗumama a ƙarƙashinsa tana da ƙofar fita? Bayan su sai ma'aunan da kowa ya sani: kuɗi, ƙarko, sauƙin aiki da gyara, da haɗari.

Kwano

Shi ya fi araha, bandir-bandir ake sayar da shi a kowace kasuwar kayan gini, kuma babu kafintan da bai iya buga shi ba. A kwana ɗaya ko biyu an rufe ɗaki.

Ta fuskar zafi kuwa, kwano ba katanga ba ne. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, ƙarfe kuma ba ya tare zafi, saboda haka abin da samansa ya ji shi ƙasansa ke ji nan take. Sabo mai sheƙi yana mayar da wani kaso mai kyau na hasken rana, amma bayan ƙurar hunturu da damina biyu ko uku sai ya dusashe, tsatsa ta kama shi ya yi duhu. Kwano mai duhu kan kai digiri 70 da rana. Idan babu silin, wannan hucin kai tsaye yake sauka a kan mutum, ko da iskar ɗakin ba ta kai haka ba. Fankar sama ma ba ta ceto, iskar da ta taru a ƙarƙashin kwanon take turowa ƙasa.

Amma yana da wata falala da ba a cika ba shi ba: ba ya riƙe komai. Rana na faɗuwa yake hucewa, kafin isha'i ya yi sanyi. Ɗakin kwano mai tagogi biyu da ke fuskantar juna yakan fi ɗakin dekin daɗin kwana a bazara. A hunturu kuma wannan halin ne ke sa a ji jiki da asuba.

Haɗarinsa sananne ne. Iskar farkon damina na yaye shi idan ba a ɗaure katakon da jikin gini da rodi ko langa-langa ba, kuma kwanon da iska ta ɗauka yana iya kisa. Yoyo daga ramin ƙusa yake farawa. Ƙarar ruwan sama kan hana jin magana.

Alminiyom da rufi mai tsakuwa

Ana yawan cewa alminiyom ya fi kwano sanyi. A haƙiƙa zafi ya fi saurin bin alminiyom kusan ninki huɗu a kan ƙarfe, sai dai a irin wannan siririn kauri bambancin ba ya nufin komai, dukansu zafi wucewa yake yi. Abin da ke raba su launi ne da sheƙi. Alminiyom fari ko ruwan madara yana mayar da mafi yawan hasken rana, kuma idan cikinsa mai sheƙi ne ba a yi masa fenti ba, hucin da yake saukarwa ƙasa kaɗan ne. Wannan riba ce ta gaske. Amma dubi unguwannin da ake sabon gini a Kano ko Kaduna: shuɗi mai duhu, ja mai duhu, ruwan ƙasa, har da baƙi. Mutum ya biya ninkin kuɗin kwano ya sayi launin da ya fi kowane shan rana. Abin yana damuna, don launi mai haske ba ya ƙara ko kwabo a kan kuɗin.

Wajen ƙarko alminiyom ya yi wa kwano nisa. Ba ya tsatsa, kuma ana yanko shi dogo daidai da tsawon rufi, saboda haka mahaɗar da ruwa zai bi kaɗan ce. A kula da kauri. Ana sayar da 0.45 da 0.55 na milimita, kuma akan miƙa wa mai saye wanda bai kai ba da sunan ya kai. A sa a auna a gabanka. Siririn yakan yage a bakin ƙusa idan iska ta taso.

Rufi mai tsakuwa ƙarfe ne da aka lulluɓe da ƙananan duwatsu. Ya fi kwano da alminiyom tsada, yana kashe ƙarar ruwan sama, yana da kyan gani. Amma kusan duk launukansa masu duhu ne, kuma doguwar ƙirar da ake yi masa na cin katako. Tsayin nan zai iya zama alheri, tunda yana nesanta ƙarfen da silin, amma sai an bar wa iska hanya. Idan an toshe, rumbun zafi aka gina.

Abin da ke ƙarƙashin ƙarfen ya fi ƙarfen muhimmanci

A nan ne nake so mai gini ya tsaya. Iskar da ba ta motsi tana tare zafi fiye da ƙarfe kusan sau 2,000. Duk abin da ake kira abin tare zafi, ko audugar gilashi ce ko farin soson nan da ake kunshe talabijin da firji a ciki, dabararsa ɗaya ce: ya kulle iska a ƙananan ramuka. Shimfiɗa kaurin santimita 5 na irin wannan a kan silin yana yin aikin da canja kwano zuwa rufi mai tsada ba zai yi ba. Akwai kuma takarda mai sheƙi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano don ta tare huci. Tana aiki ne kawai idan an bar tazara tsakaninta da abin da ke kusa da fuskarta mai sheƙin, kuma ƙura na rage mata ƙarfi idan ta kwanta a kanta.

Silin kansa iri-iri ne. Na kwali ya fi araha amma yoyo ɗaya ke lalata shi. Na roba ba ya jin ruwa, sai dai idan gobara ta tashi narkewa yake yana fitar da hayaƙi mai guba, haka shi ma farin soson, don haka wayar lantarkin da za ta bi ta nan a sa ta cikin bututu. POP ba ya cin wuta kuma yana da kyau, amma shi kaɗai siriri ne, sai an ɗora masa abin tare zafi. Silin asbesto kuwa a guje shi. Ƙurarsa idan ana yanka ko fasa shi tana jawo ciwon huhu da cutar daji, kuma ƙasashe da yawa sun haramta shi. Wanda yake da shi a tsohon gida kada ya sa yara su farfasa.

Sai ƙofar iska. Iskar da ke tsakanin kwano da silin tana son tashi, a ba ta hanya: ƙananan kafofi a ƙasan bakin rufi don sabuwa ta shiga, wasu a can sama kusa da ƙololuwa don mai zafi ta fita, a sa musu raga saboda jemagu da ɓeraye. Salon da ake yayi yanzu na ɗaga bango ya ɓoye rufi gaba ɗaya yana toshe wannan hanya, ga kuma yoyo idan magudanar ta cika da ganye.

Wanda ya nuna wa duniya ƙarfin wannan dabara maƙwabcinmu ne. Francis Kéré, mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001. Ya yi silin na tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, iska na wucewa ta tsakani. Kwanon ya zama laima, ba murfi ba. Aikin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, shi kuma ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar duniya a wannan fanni, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Zafin Gando irin namu ne, kayan aikin kuma duk muna da su.

Dekin

Kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowane murabba'in mita. Wannan nauyin ne alherinsa, shi ne kuma sharrinsa. Da safe har zuwa azahar ɗakin dekin da daɗi, domin kankaren na shan zafi yana ajiyewa. Daga la'asar sai ya fara saukar da abin da ya tara, ya ci gaba har tsakar dare. Ɗora tafin hannu a kan silin ɗakin sama da ƙarfe 11 na dare a watan Afrilu, za ka ji shi da ɗumi. Iskar waje ta huce, ɗaki bai huce ba, kuma idan an ɗauke wuta babu mafita sai waje. Ga ɗakin kwana, dekin tsirara shi ne mafi muni a cikin duk waɗannan.

Gyaransa inuwa ce. A shafe samansa da farin fenti ko farar ƙasa, ko a kafa masa rumfa, ko a ɗora kwano a sama a bar gefe a buɗe. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda hukuma ta fara shirin faranta rufin gidajen talakawa a 2017, an ga zafin cikin ɗaki na raguwa da digiri 2 zuwa 5. A wajenmu ƙurar hunturu za ta dusashe farin, sai an wanke ko an sake shafawa kafin bazara.

Amfaninsa ba ƙarami ba ne: iska ba ta yaye shi, wuta ba ta cin sa, ɓarawo ba ya fasa shi cikin sauƙi, ana shan iska a kansa, kuma ana iya ɗora bene nan gaba. Amma shi ya fi kowanne cin kuɗi, ga siminti ga rodi ga tsakuwa ga katakon tallafi, kuma dole tushen gini ya zama an yi shi don wannan nauyin. Ba aikin da za a bar wa birkila shi kaɗai ba ne, sai da injiniya. Rage rodi ko siminti a dekin wasa da rai ne. Kumburin rana da tsukewar dare kuma kan tsaga shi, ruwa ya samu hanya har rodi ya yi tsatsa.

Soro

Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba. A jera ta, a shimfiɗa zana, a ɗora laka mai kauri, a shafe da makuba ko laso don ruwa ya zame, a sa indararo. Ƙasa ba ta kai kankare saurin ratsa zafi ba, rufin soro kuma ya fi dekin kauri, saboda haka zafin rana yakan iso ciki a makare kuma da rauni. Da azahar babu ɗakin da ya kai soro daɗin zama ba tare da lantarki ba, a hunturu kuma yana riƙe ɗumi har asuba. Gaskiya ita ce a tsakiyar bazara shi ma yana saki da dare, musamman mai ƙananan tagogi, shi ya sa iyayenmu suke fitar da tabarma tsakar gida. Sun san ginin rana suka yi.

Azara ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kusan mita biyu ba tare da tallafi ba. Don a samu babban ɗaki ne magina suka ƙware a bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan azara da laka masu ɗaukar rufi, da tulluwa, irin waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ilimin bai mutu ba. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018.

Kuɗinsa ya danganta da inda kake. A ƙauye mai ƙasar gini da magina, da araha. A birni azara ta yi tsada, gwanayen sun yi ƙaranci. Babban nauyinsa kulawa ce: yaɓe kafin kowace damina, duba indararo bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Soron da aka yi wa sakaci yana jiƙa ya yi nauyi a watan Agusta ya rufta, kuma yawanci da dare ne mutane na ciki. Wanda ba zai iya wannan kulawar ba, ya ɗora masa kwano a sama da tazara, ya samu sanyin ƙasa da kariyar ƙarfe.

Rufin ciyawa ya fi su duka barin iska ta fita, kuma ga rumfar shan iska ko ɗakin gona babu kamarsa. A cikin gari gobara ta hana, ga shi sai an sabunta bayan 'yan shekaru.

| Rufi | Zafin rana | Zafin dare | Kuɗi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwano ba silin | Mai tsanani | Yana hucewa da wuri | Mafi araha | Matsakaici | Iska, tsatsa |
| Kwano da silin da ƙofar iska | Da sauƙi | Da sauƙi | Matsakaici | Matsakaici | Yoyo, gobarar waya |
| Alminiyom mai haske da silin | Da sauƙi sosai | Da sauƙi | Da tsada | Mai kyau | Ha'incin kauri |
| Mai tsakuwa, launi mai duhu | Sai da abin tare zafi | Matsakaici | Da tsada sosai | Mai kyau | Tara zafi a sama |
| Dekin ba inuwa | Da sauƙi har azahar | Mai tsanani | Mafi tsada | Mai kyau sosai | Rage kayan aiki, tsagewa |
| Soro | Mafi sanyi | Matsakaici | Ya danganta da wuri | Sai da yaɓe | Ruftawa a damina |

Ban sa farashi da naira ko sefa ba saboda kuɗin siminti da ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya. A tambayi kasuwa a makon da za a saya, a kuma haɗa da katako da silin da kuɗin aiki, kada a tsaya a kuɗin bandir.

Wanne ya dace da wa

Mai ƙaramin ƙarfi da ke gina ɗakunan kwana na iyali: kwano, amma a raba kuɗin tun farko yadda silin zai samu rabonsa, a bar ƙofofin iska, a ɗaga bango ya kai ƙafa 10 ko fiye. Gara kwano da silin a kan alminiyom tsirara.

Mai hali da ke son rufin da ba zai sake taɓawa ba: alminiyom 0.55 mai launi mai haske, da abin tare zafi a kan silin. Idan zai sa na'urar sanyaya ɗaki ko sola, wannan ne zai rage masa girman na'urar da yawan batir. A ganina shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin gidajen birni.

Mai niyyar ɗora bene, ko mai shagon da ke tsoron ɓarayi da gobara: dekin, da injiniya, a kuma faranta samansa tun shekarar farko. Shago da ofis da rana ake zama cikinsu, don haka zafin daren dekin bai dame su ba sosai.

Makaranta, islamiyya, ɗakin shan magani da masallaci, inda jama'a ke taruwa da tsakar rana: silin mai nauyi na ƙasa ko kankare, da kwano a ɗage a samansa, irin na Gando.

Mazaunin ƙauye mai magina a kusa, wanda zai iya yaɓe duk shekara: soro, da tagogi masu fuskantar juna don dare. Idan tsofaffi ne za su zauna su kaɗai babu mai hawa ya duba, a ɗora kwano a sama.

Ɗan haya da ba shi da ikon canja rufi: ya nemi izinin mai gida ya shafa farin fenti a kan kwanon, ya ɗaura tabarma ko zana a ƙarƙashinsa da tazarar taƙi ɗaya nesa da wayar wuta, ya rufe tagar yamma da labule daga waje tun azahar, ya buɗe komai bayan magariba, ya ajiye fanka a bakin taga tana jawo iskar waje.